Sokawen da Na Samu Kyauta

Filin da na gina gidana a kai tsohon kamfanin tatsar man gurya ne, can bayan unguwar Arawa a Gombe, inda ƙasa take fara gangarawa zuwa kwari. Ina yaro kamfanin yana aiki, idan iska ta kaɗo daga wajensa unguwa gaba ɗaya sai ta ɗauki ƙaurin gurya. Ban san ranar da ya mutu ba. Wata shekara dai aka daina jin ƙaurin, wata shekarar aka kwance kwanon rufin, injuna kuma suka bi 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage daɓen siminti ne da ciyawa, sai wani tsoho Batangale da ya yi gadin wurin tun yana da ƙarfinsa. Babu ƙofa, babu katanga, babu mai biyansa, amma kullum da safe zai zo ya zauna a gindin dogon yaron da ke inda ƙofar take a da.

Da aka yanka wurin fuloti-fuloti, na sayi guda a tsakiya. Ni malamin sakandare ne, darasin labarin ƙasa nake koyarwa, na fi shekara ashirin ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa ruwa gangare yake bi. Amma fili a Gombe da rani ake sayensa, da rani kuwa babu mai tuna ruwa. Abin da mai saye yake tambaya shi ne ina titi, ina alƙibla, ina turken lantarki mafi kusa. Sauran lamarin ciko ne: ka sa tifa ta zube maka jar ƙasa har filinka ya fi na maƙwabcinka tudu, idan damina ta zo ruwanka ya tafi wurinsa, shi ma ya tura wa na ƙasa da shi. Kowa haka yake yi, ba a ɗauke shi rashin mutunci ba. A tsakar filin kamfanin akwai wasu 'yan ramuka masu murfin raga inda ruwan sama yake shiga, cikin wata biyu muka binne su da jar ƙasa, babu wanda ya tambayi aikinsu. Guda ɗaya ne ya tsira, can sama a bakin titi, shi ma don ba a sayar da wurin ba.

Ana cikin haƙar harsashin gidana magini ya aika a kira ni daga makaranta. A kusurwar baya ta filin ya ci karo da wani murfin ƙarfe, sai da ƙarti huɗu suka sa rodi kafin ya ɗagu. A ƙarƙashinsa rami ne mai kusurwa huɗu, an shafe shi da siminti sumul, zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu, a bushe yake ƙayau, har da matakalar ƙarfe a jikinsa. Can ƙasa akwai baki zagayayye ta ɓangaren tudu, akwai wani kamarsa ta ɓangaren gangare. Na ga bakin nan guda biyu da idona, ba zan ce ban gani ba.

Magini ya leƙa, ya ɗago, ya ce, "Malam, Allah ya yi maka sokawe kyauta."

Sokawe dai shi ne ramin da ruwan ban-ɗaki yake tarewa a ciki ƙasa ta tsotse shi a hankali, kuma maginanmu hanya ɗaya suke gane na kirki: a zuba masa ruwa a ga ko yana sha. Muka tsayar da 'yan ga-ruwa biyu, suka juye kurarsu duka a ciki. Kafin a ajiye jarka ta ƙarshe ruwan ya ɓace, ko ɗigo bai saura ba. Magini ya rantse tun da yake gini bai taɓa ganin rami mai shan ruwa irin wannan ba. Ni kuma raina ya yi fari ƙal, domin bulo da rodi da simintin da sokawe zai ci duk sun zauna a aljihuna, kuma ni mutum ne mai son a ce ya yi dabara.

Muna nan tsaye tsohon maigadin ya taso da sandarsa. Bai leƙa ramin ba, ya san shi.

"Wannan ba ramin kashi ba ne," in ji shi. "Hanyar ruwa ce. Ruwan sama yana shiga a sama, yana fita a kwari."

Ya ƙara da cewa lokacin kamfani masan ma'aikata yana can ɗaya gefen da raminsa daban, mota take zuwa ta kwashe, ba a taɓa haɗa biyun ba. Magini ya yi dariya ya ce ai kwari babu kowa sai awaki. Na waiwaya na dubi gangaren, na ga kuwa gaskiyarsa, babu kowa sai awaki. Na yi wa tsohon godiya irin wadda ake yi wa mutum don ya tafi, na ba shi na goro. Washegari aka jona bututun ban-ɗakunana uku a ramin, aka zuba masa sabon murfin kankare mai 'yar ƙofa.

Shekara uku ban kira motar kwasar masai ba. Ban kuma ɓoye ba, har a ɗakin malamai sai da na ba da labari, wani abokin aikina da sokawensa ke cika duk damina ya riƙa kallona kamar na ci gado. Maƙwabta suka ji. Na dama da ni ya zo da sallama ya ce ko zan taimaka ya jona nasa bututun, tunda rami ba ya cika. Na ce haba, mene ne amfanin maƙwabtaka. Bayansa uku suka biyo. Gida biyar muka zama a kan rami ɗaya, ramin bai ko nuna ya san da mu ba. A shekarun nan na samu girma a layinmu irin wanda ban taɓa samu da koyarwa ba. Aka sa ni a kwamitin masallaci, idan ana gardamar gini a majalisa sai a ce a bari Malam ya zo.

A shekara ta biyu aka sayar da ɗan zirin filin da ya rage a can ƙasa, daf da bakin kwari. Wanda ya saya Babarbare ne mai sana'ar wankin hula. Rikici ne ya raba shi da garinsu a Borno, ya zo Gombe da iyalinsa, ya yi shekaru yana haya a Jekadafari kafin ya tara abin sayen filin da kowa ya ƙi. Shi ma ya yi ciko kamar kowa, tifa ta zube ƙasa har ta rufe gaɓar kwarin da ciyawar da ke wurin. Da ya gama ɗakuna biyu, sai ya shiga haƙar rijiya da hannunsa, shi da ƙaninsa. Mutane suka ce wahalar banza yake yi, a wannan yanki sai ka haƙa har ka gaji ba ka ga laima ba. Wata biyu yana ciki, ya tarar da ruwa, mai kyau kuwa, garai-garai. Ya ɗaure bakin rijiyar da bulo, ya bar ƙofar gidansa a buɗe, matan unguwa suka riƙa zuwa ɗiba daga safe har la'asar.

Rijiyar nan ita ce sana'arsa. Wankin hula ruwa yake ci, a jiƙa, a wanke, a ɗauraye sau biyu, a sa sitati, sannan a ɗora a kan gungumen itace a shanya. Da yana Jekadafari rabin abin da yake samu a wajen 'yan ga-ruwa yake ƙarewa. Yanzu guga kawai zai jefa. Ƙofar gidansa ta cika da gumagumai jere a rana, zanna da ƙube da fararen huluna, har daga unguwar Madaki ake kawo masa aiki.

Ni Bafulatani ne, duk da Fulatancina bai wuce gaisuwa ba, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ranar da na fara kai masa hula ya dube ni ya ce yau bawansa ya zo gaishe da ubangidansa. Na ce ai ni na zo duba ko bawana yana aiki ne. Shi ke nan muka ƙulla. Duk Alhamis zan sauka da hulunana biyu, ya juya su a hannu ya ce Bafulatani da hula ɓarna ce, malafa ce daidai kanmu. In ce masa Babarbare ko a aljanna sai ya tambayi inda ake sayar da turare. Babu maganar da ba ma gaya wa juna, kuma babu wadda ake riƙewa. A duk unguwar babu wanda nake jin daɗin zama da shi kamarsa.

A damina ta uku, bayan ruwa mai ƙarfi na farko, rijiyar ta fara wari. Da farko kaɗan ne, sai ka kai guga hanci. Bayan ruwa na biyu ba sai ka kai ba. Mata suka daina zuwa. Yaransa biyu suka kwanta da gudawa, Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Wani ɗan kasuwa ya dawo masa da huluna shida ya ce a masallacin Juma'a na kusa da shi sai da ya matsa. Mai wankin hular ya yashe rijiyar sau biyu, ya shiga da kansa ya kwashe laka, ya zuba alif. Kwana uku ruwan zai yi dama-dama, da an sake ruwan sama warin ya dawo. Gumaguman ƙofar gidansa suka fara zama babu huluna a kansu, shi kuma wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Majalisa ta ɗauki maganar. Wasu suka ce tsohon man kamfani ne yake tsatsowa, wasu suka ce mage ce ta mutu a wani lungu na rijiyar, masu yawa kuma suka ce bakin kwari dama ba a rasa aljanu. Aka ce a bari Malam ya zo. Na zo na yi bayani mai tsawo a kan yadda ƙasa take hawa-hawa, na sa Turanci a ciki, aka gyaɗa kai. Alhali tun ranar da na fara shinshina gugan na gane warin. Babu mage a cikinsa, babu aljani. Kullum zan wuce ta gaban tsohon maigadin a kan hanyar makaranta, ya ce mini ina kwana, in ce lafiya lau, bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka ina so in tabbatar, ko kuma dai ina fatan a ce ba ni ba ne. Na shiga kasuwa na sayi galura ja, irin ta masu rini, ƙulli uku. Ranar wata Asabar da la'asar hadari ya haɗo, na buɗe 'yar ƙofar murfin na juye galurar duka, na bi ta da bokiti biyu. Ba a jima ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Lissafina shi ne da safe in sauka, in jefa guga kamar mai taya jaje, in duba launin ruwan, ni kaɗai in san abin da na gani. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne cewa da asuba mutumin yake jiƙa huluna, kafin gari ya waye a iya bambance launi.

Na isa da hantsi. Fararen huluna goma sha biyu ne jere a kan gumagumai, na abokan wani ango da za a ɗaura wa aure ranar Juma'a, aikin kirki na farko da ya samu a cikin wata guda. Dukansu sun koma ruwan hoda, ba su kai jar dara ba, ba su kuma zauna a farare ba. Yana tsaye a gabansu ya goya hannu a baya.

"Bawana, zo ka gani," ya ce. "Rijiyata ta fara jini."

Kafin azahar rabin unguwa ta zo kallo, masu maganar aljanu suka samu hujjar da suka daɗe suna nema. Na tsaya cikin mutane na yi salati tare da su, na koma gida. Kwana biyu ban ce wa kowa komai ba, abinci ma tura shi kawai nake yi. A rana ta uku matata ta kawo mini ruwan wanke hannu, ta tsaya tana kallon gefen farcena, inda galura ta shiga ta ƙi fita duk da sabulun da na ƙarar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce matar mutumin nan ita ta yi mata zaman asibiti lokacin haihuwar autarmu, don haka in zaɓa, ko in je in gaya masa yau, ko ita ta je ta gaya wa matarsa gobe.

Na same shi shi kaɗai a ƙofar gida yana goge wani gungume da babu abin da ya same shi. Na zauna a benci na gaya masa komai, ramin, da bututun, da gidaje biyar, da galurar. Ya saurara har na gama, sannan ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya ce wannan ita ce ƙarya mafi daɗi da Bafulatani ya taɓa yi, mutanen da nono kawai suke sha ina suka ga abin da zai yi tafiya har nan. Ya ce gobe ma sai in zo in ce ni na saukar da ruwan saman. Wasan da muka shekara muna yi shi ne ya hana shi jin maganata, duk yadda na ɗaure fuska sai ya ƙara dariya, yana cewa na iya. Da na rasa yadda zan yi, na miƙa masa hannayena biyu.

Ya kama su ya juya, yadda yake juya hula, ya daɗe yana kallon farcen.

"Tun yaushe ka sani?"

Na so in ce tun ranar Lahadi. Na ce masa maigadi ya gaya mini inda ramin yake fita tun kafin in tare.

"To, Malam," ya ce, ya sake mini hannu.

Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Daga nan kuma bai sake kirana da wani abu ba.

Ni da kaina na je na kira duba-gari. Suka zo su biyu, suka sa aka tona ta gefen katangar mai wankin hular, aka tarar da bakin tsohon bututun, faɗinsa ya isa mutum ya rarrafa a ciki, taku kaɗan daga rijiyar. Ciko ya toshe shi, ya tsage ta gefe, duk abin da gida biyar suka tara da rani ruwan titi yana turo shi ya matse a nan, ƙasa tana sha. Babban cikinsu ya yi mana bayani a tsaye, cikin gajiyar wanda ya saba faɗa ba a ji: hanyar ruwan sama daban, ta ban-ɗaki daban. Kowane gida ya cire bututunsa ya haƙa sokawensa, a buɗe bakin tsohon bututun a gina masa lambatu har cikin kwari. Rijiya kuwa a rufe ta, domin ƙasar da ke kewaye da ita ta riga ta ƙoshi, ko shekara nawa aka yi ana yasa ba za ta koma ta sha ba.

Na fasa daɓen tsakar gidana na haƙa nawa. Maƙwabtan nan huɗu da suka shekara suna gaishe ni hannu bibbiyu suka koma ɗaga mini yatsa daga nesa, biyu daga cikinsu sai da duba-gari ya dawo da takarda kafin su motsa. Na dama da ni ya tare ni a hanya ya ce shi bai ga laifina a kan ramin ba, laifina galurar ce, da na yi shiru da yanzu kowa yana zaune lafiya da aljanunsa. Kwamitin masallaci ba a cire ni ba, an dai daina gaya mini ranar zama. Wannan duk bai dame ni ba kamar yadda na zata. Abin da ya dame ni yana can ƙasa. Na kai mai haƙar rijiya ya duba ɗaya kusurwar gidan mai wankin hular, ya ce filin ya yi ƙanƙanta, duk inda aka haƙa ruwa ɗaya za a tarar. Na ce to zan riƙa aiko da 'yan ga-ruwa kullum. Mai gidan ya yi mini godiya cikin ladabi, ya ce in bar shi, Allah zai kawo mafita. Hulunan angon ma na nemi in saya wasu, ya ce ya riga ya sayar da keken ɗinkin matarsa ya biya.

Bai rufe rijiyar ba sai da damina ta ɗauke. Wata safiya ina shirin fita na ga tifa ta wuce ƙofar gidana ta gangara, na san inda za ta. Na ajiye jakar makaranta na bi ta a ƙafa. Bai kira leburori ba, ƙaninsa ma ba ya nan. Ya tuɓe riga, ya kwance igiyar gugan ya naɗe ta ya rataye a bango, yana ɗibar jar ƙasa da shebur yana zubawa, kowace zuba sai ka ji ta faɗa ruwa can ƙasa. Na yi sallama ya amsa, bai daina ba. Na tsaya a gefe kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa bai san mamacin ba.

Ya yi kamar rabin awa kafin ya dogara sheburin ya share gumi. Bai dube ni ba, rijiyar yake kallo.

"Na bar wata a garinmu," ya ce. "Babana ne ya haƙa ta. Waɗanda suka raba ni da ita ban san fuskarsu ba, ina tsine musu hankalina kwance. Kai kuwa, Malam, ban san yadda zan yi da kai ba."

Daga waje aka ji ɗan ga-ruwa yana buga jarka, sai mai wankin hular ya miƙo mini sheburin, ya ɗauki rigarsa ya fita tsayar da shi. Na naɗe hannun rigata na ci gaba da zuba ƙasa, har na daina jin ƙarar ruwan.